Jiƙon Kullum da Ƙandarewar Jijiyoyin Hanji

Jawabin da aka gabatar a taron ɗalibai 'yan ƙasar Gaya da Ajingi



Da farko ina neman afuwa wurin waɗanda suka fi ni sani a wannan fage, domin ni ba likita ba ne, ɗalibi ne kamar yawancinku. Abin da ya ba ni ƙarfin halin tsayawa gabanku yau shi ne wani ɗan abu da ya faru a gidanmu a Balan, da kuma karance-karancen da abin ya jefa ni ciki.

Ina da baffa, manomi ne, ya ba sittin baya. Tun ina ƙarami na san wata tukunya a gindin rumbunsa. In ya dawo daga sallar asuba, kafin ya sa komai a bakinsa, sai ya kamfaci moɗa guda ya shanye, ya yamutsa fuska, ya yi hamdala. A cikin tukunyar akwai sassaƙen maɗaci da ganyen filasko da 'yar jar kanwa da waɗansu saiwoyi da wani mai magani yake kawo masa ranar kasuwa. In ruwan ya ƙare a ƙara wani, in itatuwan sun salance a sake sababbi. Wai maganin basir ne da shawara, kuma yana wanke dattin ciki. Bara ciwon ciki ya kayar da shi, muka kai shi asibiti a Kano. Likita ya dube shi ya ce, "Baba, akwai wani magani da kake sha?" Baffa ya ce, "A'a likita, rabona da magani an fi shekara goma." Ina tsaye a wurin, kunya ta hana ni yi masa gyara gaban baƙo. Da muka fito na ce, "Baffa, jiƙon nan fa?" Sai ya yi dariya ya ce, "Haba yaro, wannan ai ba magani ba ne, jiƙo ne. Magani shi ne ƙwaya da allura."

Gyambon ciki aka gano yana damunsa, aka yi masa magani, Allah ya ba shi lafiya. Saboda haka kada wani ya ɗauka cutar da zan yi magana a kanta ita ce ta kama shi. Amma amsar nan tasa ta tsaya mini a rai. Mutum ya yi shekara ashirin da ɗoriya yana shan abu kowace safiya, kuma bai lasafta shi cikin magani ba. Sai na tambayi kaina, shin akwai inda aka taɓa bin diddigin abin da irin wannan sha na yau da gobe yake yi wa jikin ɗan Adam? Neman amsar ne ya kai ni ƙasar Japan.

Kafin mu je can, sai mu ɗan leƙa cikin ciki. Duk wanda ya taɓa gyaran kayan cikin ragon layya ya san tantanin nan mai kitse da yake riƙe da hanji, wanda in ka ɗaga shi ga hasken rana za ka ga jijiyoyi sun yi rassa a cikinsa kamar saiwar itace. Jijiyoyin nan iri biyu ne. Akwai masu kawo wa hanji jini daga zuciya, akwai kuma masu kwashe jinin, tare da abin da hanji ya tsotsa daga abinci, su kai shi hanta. To, waɗannan na biyun su ne abin maganarmu. Muddin suna da laushi, jini yana wucewa salin alin. In suka yi kauri suka ƙandare, sai jini ya rasa hanyar fita, ya taru a bangon hanji, bangon ya kumbura, ya yi tauri, wani lokaci ya yi gyambo, wani lokaci ma hanyar bayan gida ta ƙuntace har ta toshe.

A shekarar 1991 waɗansu likitocin Japan, Koyama da abokan aikinsa, suka ba da rahoton wani mara lafiya mai irin wannan matsala a ɓangaren dama na babban hanji. Daga nan rahotanni suka riƙa ɓullowa ɗaya bayan ɗaya. A 2003 Iwashita da jama'arsa suka raɗa wa cutar sunan da aka fi saninta da shi, wanda jigonsa wata kalma ce mai karya harshe, filebosikilerosis, daga Girkanci, ma'anarta ƙandarewar jijiya. Sun kuma liƙa wa sunan wata kalma da likitoci suke amfani da ita in ba su gano sanadin cuta ba.

Cutar tana da alamu biyu masu ban mamaki. In aka ɗauki hoton ciki, musamman da na'urar CT, sai a ga jijiyoyin sun fito fari fat, sirara kamar zare, domin sinadarin kalshiyam irin na ƙashi ya taru a bangonsu, kamar dai yadda farin gamsakuka yake kama cikin butar shayi da ta daɗe a kan wuta. In kuma aka zura na'urar leƙa hanji, maimakon jan nan na lafiyayyen hanji, sai a tarar da shi ya yi shuɗi mai duhu, ko shunayya, kai ka ce daga marinar Ƙofar Mata aka tsamo shi. Shi kuwa mara lafiya abin da yake kuka da shi ba wani baƙon abu ba ne: ciwon ciki, galibi ta dama, da gudawa ko taurin bayan gida, da kumburin ciki, da amai, wani lokaci da jini a bayan gida. Waɗansu ma ba sa jin komai, sai an je binciken wani abu dabam a ci karo da ita.

Abin da ya ɗaure wa likitoci kai shi ne kusan duk masu cutar mutanen gabashin Asiya ne, watau Japan da Taiwan da Sin da Koriya. Da fari an yi zaton ko gado ne. Amma a 2009 sai ga rahoton wata mata da mijinta a Japan, dukansu biyu da cutar. Miji da mata ba jini ne ya haɗa su ba, tukunya ce ta haɗa su. Da aka bincika sai aka tarar sun daɗe suna shan maganin gargajiya iri ɗaya. A 2012 Hiramatsu da abokan aikinsa suka tattara marasa lafiya suka duba haɗe-haɗen da kowannensu yake sha, sai suka ga sunayen haɗin sun bambanta amma akwai abu guda da yake ta maimaituwa a ciki, shi ne 'ya'yan wani itace da Japanawa suke kira sanshishi, mutanen Sin su ce zhizi, masana tsirrai kuwa Gardenia jasminoides.

Bayanin da masu bincike suka fi karkata gare shi shi ne wannan. A cikin 'ya'yan itacen akwai wani sinadari, jenifosaid. In an sha shi, yakan wuce ƙaramin hanji har ya isa farkon babban hanji, wanda yake ta dama, inda ƙwayoyin bakteriya suke da yawa. Su ne suke farfasa shi ya koma wani sinadarin, jenifin. Shi kuwa jenifin halinsa ne in ya haɗu da furotin ya kama shi ya ɗaure, ya kuma rine ya zama shuɗi. Sai ya shiga bangon hanji da jijiyoyin da suke kwashe jini daga wurin, yau kaɗan gobe kaɗan, har su yi kauri su ƙandare. Wannan shi ya bayyana dalilin da ya sa cutar take farawa ta dama, da kuma dalilin launin.

Ina so ku lura da maganar lokaci, don ita ce zuciyar jawabina. A 2017 aka buga sakamakon wani bincike da Shimizu ya jagoranta a duk faɗin Japan, wanda ya tattara bayanan marasa lafiya 222. Mafi yawan waɗanda aka san tarihin magungunansu sun sha haɗi mai sanshishi, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗannan sun haura shekara 5 suna sha. Matsakaicin lokacin ya wuce shekara 13. Wani binciken na 2016 ya auna jimlar abin da masu cutar suka sha tun farko, ya ga abin ya kai kilo 5 ko fiye na busassun 'ya'yan itacen. Kilo 5 ai nauyin gero kwano biyu ne kawai. Amma abin da ake sa wa a haɗin yini guda bai wuce giram 2 ko 3 ba. Ku yi lissafi: giram 2 sau kwana 365 ya ba da giram 730 a shekara, watau sai an yi wajen shekara 7 ana sha ba fashi kafin a kai kilo 5. Wanda ya sha na mako biyu don wata larura ya ajiye, ba shi ne abin ji ba. Hausawa sun ce yau da gobe ita ta sa allura ginin rijiya.

Alhamdu lillahi, cutar ba ta da yawa, 'yan ɗaruruwa ne aka ba da rahotonsu a duniya, kuma da yawa in sun daina shan maganin ciwon yakan lafa, launin hanjin ma ya riƙa washewa. Waɗanda aka makara a kansu ne ake yanke wa sashen hanjin da ya lalace. Hukumar lafiya ta Japan ba ta haramta itacen ba. Abin da ta yi shi ne, a 2013 sa'an nan a 2018, ta umarci masu haɗa magungunan su rubuta gargaɗi a takardar da take cikin kwali, cewa dogon sha yana iya jawo wannan cuta, a kuma riƙa duba mai sha lokaci lokaci.

Yanzu wani zai ce, to mu ina ruwanmu da itacen Japan? Akwai ruwanmu ta fuska biyu. Ta farko, kasuwanninmu sun cika da shayin rage ƙiba da ƙwayoyin "wanke jini" da ake shigowa da su daga Asiya, kuma mu 'yan boko da ma'aikata mu ne manyan masu saye, mu ne ma muke tallansu ga juna a ofis da WhatsApp. Duk wanda yake shan irin waɗannan ya juya kwalin ya karanta. In ya ga Gardenia, ko Fructus Gardeniae, ko Zhi Zi, to ya san abin da yake sha, kada ya mai da shi abin kullum.

Ta biyu, itacen yana da 'yan'uwa a dajinmu. Gauɗe, wanda muka ci 'ya'yansa muna yara wajen kiwo, da gauɗen kura da gauɗen dutse, duk dangin Gardenia ne. Kakanninmu mata kuwa sun san katambiri, ruwan 'ya'yan itacen nan da ake zana wa a fuska, a shafa shi kamar ba komai, can an jima ya rine ya yi baƙi. Mutanen dazukan Amurka ta Kudu ma suna zanen jiki da 'ya'yan wani itace na wannan babban gida mai suna Genipa, wanda daga sunansa aka samo kalmar jenifin. Ban ce gauɗe yana ƙandarar da jijiyoyin hanji ba, kada a fita daga ɗakin nan a ce na faɗa. Cewa na yi ga tambaya a ƙofar gidanmu tana jiran ɗaliban haɗa magunguna na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello, kuma ta fi ƙarfin a ce babu abin rubuta kundin digiri a kai.

Ko da ma an ajiye gauɗe gefe, akwai itatuwan da muke sha waɗanda an riga an san halinsu. Filaskon da yake tukunyar baffa dangin sanna ne, maganin bayan gida da duniya ta sani, har a asibiti ana ba da shi. Amma wanda ya lazimce shi wata da watanni, cikin babban hanjinsa yakan rine ya yi duhu, jikinsa ya riƙa zubar da gishirin fotashiyam, hanjin kuma ya saba har ya ƙi motsi sai da shi. Akwai kuma wanda ya fi wannan muni. Tsakanin 1990 da 1992, a birnin Burasels na ƙasar Beljiyam, wani asibitin rage ƙiba ya ba mata haɗin da aka yi kuskuren sa saiwar wani tsiro dangin Aristolochia a maimakon wani tsiron dabam. Mata fiye da 100 ƙodarsu ta lalace, da yawa sai da aka koma yi musu wankin ƙoda ko dashe, daga baya kuma ciwon daji na hanyar fitsari ya bayyana a jikin waɗansunsu. To, maɗacin ƙasa, wanda waɗansu suke kira duman dutse, da ake ba mu don ciwon ciki, ɗan wannan dangi ne. Wannan kam ba na shakkar in ce a nisance shi.

Ga inda nake so mu tsaya mu yi tunani. Me ya sa Japan ce ta gano wannan cuta da sanadinta? Ba don maganin gargajiyarsu ya fi namu dafi ba ne. Dalili shi ne su sun ɗauki maganin gargajiyarsu, wanda suke kira Kampo, da muhimmanci har sun shigar da shi asibiti. Tun 1976 inshorar lafiya ta ƙasar take biyan kuɗin haɗe-haɗensa da dama, yau sun kai 148. Likita ne yake rubuta shi, kowane ƙunshi an san itatuwan da suke ciki da nauyin kowanne, kuma yana cikin katin mara lafiya. Saboda haka da cuta ta ɓullo, sai aka buɗe katunan aka ga wane ya sha giram kaza na shekara kaza. Duk da wannan tsari sai da suka yi shekara 20 kafin su kama ɓarawon. To ina ga mu, da ma'auninmu shi ne moɗa da "ɗan daidai misali", mai magani yana ɓoye sirrin haɗinsa, mai sha kuma yana ce wa likita rabonsa da magani shekara goma? In da irin wannan cuta tana cikinmu, ta wace ƙofa za a gane ta? Mutum zai yi ta fama da ciwon ciki ta dama, a ce basir ne ya hau sama, a ƙara masa moɗa ta biyu. Na'urar CT da ta leƙa hanji kuwa sai an zo birni, kuma kuɗinsu ba na manomin Balan ko Kademi ko Toranke ba ne.

Ba wai ba a taɓa yin irin wannan bin diddigi a ƙasarmu ba. A shekarun 1970 Davidson da Parry, likitoci a asibitin koyarwa na Zariya, sun lura da yawan masu jego da suke zuwa da ciwon zuciya, suka bi su har gida, suka ɗora zargi kan kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Shekaru da dama bayan haka Farfesa Kamilu Ƙaraye na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka sake auna maganar, suka ga alaƙar ba ta yi ƙarfin da aka zata ba, suka kuma jawo hankali ga ƙarancin sinadarin seleniyam da talauci. Kun ga ke nan rubutu da awo ba kullum suke kama al'ada da laifi ba, wani lokaci su suke wanke ta.

Na faɗi haka ne domin na san akwai masu jin duk wanda ya taɓa maganin gargajiya to ɗan boko ne mai raina iyayensa. Ni da sabara aka yi mini wanka, kuma na san a ƙauyukanmu mai magani ya fi likita kusa, ya fi shi araha, ya kuma fi shi sauraron mutum. Kinin daga ɓawon itace aka samo shi. Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha yau daga wani tsiro dangin tazargade Tu Youyou ta ƙasar Sin ta fitar da shi, har aka ba ta kyautar Nobel a 2015. A nan gida ma cibiyar binciken magunguna ta Abuja ta samar da Niprisan na masu sikila daga haɗin gargajiya. Duk waɗannan shaida ne cewa itatuwa suna da ƙarfi. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne maganar masu lasifika a kasuwa, wai "na itace ne, ba ya illa, in bai yi magani ba ba zai cutar ba". Abin da yake da ƙarfin warkarwa ai ba ruwan rijiya ba ne. Haka kuma lambar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993, da kuke gani a jikin kwalaben gargajiya, yawanci ta matakin farko ce, kuma kwalbar da kanta takan ɗauki rubutun cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. Ba takardar izinin sha na shekara goma ba ce.

Roƙona gare ku ƙarami ne. Mu ne muke raka iyayenmu asibiti, mu ne tafintocinsu. In likita ya yi tambayar nan, kada mu yi kunyar da na yi. A faɗi jiƙo da tsimi da gari da turare, a faɗi tun yaushe, in da hali a tafi da kwalbar. Waɗanda za su zama likitoci da malaman jinya a cikinmu kuwa, su gyara tambayar. Kada su ce "kana shan magani?" Su ce, "Baba, me kake jiƙawa? Me kake sha da safe kafin koko?" Kuma su tambaya da sakin fuska, don wanda ya san za a yi masa tsawa ba zai faɗi gaskiya ba. Sa'an nan in an yi hutu kowa ya sayi littafin rubutu, ya zauna da dattawan gidansu ya rubuta sunan itace, wane sashe ake ɗiba, nawa ake sa wa, kwana nawa ake sha. Abin kunya ne a ce har yau in muna neman sunayen itatuwanmu mukan koma ga littafin da Dalziel, wani likita Bature, ya buga a 1916.

Ni na fara da tukunyar baffa a hutun da ya wuce. Mun juye ta a faifai muka ƙirga abu goma sha ɗaya. Shi da kansa ya gane bakwai. Sauran huɗun saiwoyi ne da suka jiƙe suka yi baƙi, ya ce sai dai a tambayi mai kawo su. Na bi mutumin har rumfarsa ranar kasuwa, ya karɓe ni da mutunci, ya faɗa mini biyu, ya ce sauran biyun gadon gidansu ne, ko ɗansa na cikinsa bai kai a gaya masa ba tukuna. Tukunyar tana nan a gindin rumbu. Abin da na iya samu wurin baffa shi ne ya cire filaskon, ya rage sha zuwa Litinin da Alhamis, ya kuma yi mini alkawari in zai koma ganin likita bayan girbi, zai cika kwalba guda ya tafi da ita.

Shugaban taro, na ga kana duba agogo.